Neman bayanan kamu a jihohin Amurka: inda mutanenmu ke yin tuntuɓe

Shekarun baya na raka wani ɗan'uwa direban tasi zuwa kotun laifuka ta Bronx a New York. An taɓa kama shi kan wata hatsaniya da fasinja, ya kwana ɗaya a tsare, daga baya alƙali ya kori ƙarar. Shi a ransa magana ta mutu. Sai da ya zo cike fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa ya ci karo da tambayar ko an taɓa kama shi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai ba a same ni da laifi ba, in sa a'a kawai?" Na ce masa kada ya kuskura.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada. Kamu daban, hukunci daban. Ranar da aka ɗauki zanen yatsunka a ofishin 'yan sanda, bayanin ya shiga rumbu, ko da washegari an sallame ka. Hukumar USCIS, wato hukumar shige da fice mai karɓar wannan fom, tana so ka faɗi duk wani kamu, har wanda kotu ta rufe fayil ɗinsa ko ta ba da umarnin gogewa. Ɓoyewar tana iya jawo maka abin da kamun kansa bai jawo ba, don za a ɗauke ta a matsayin ƙarya bayan rantsuwa. Gyaran kuwa shi ne ka je wurin magatakardan kotun da ta saurari ƙarar ka karɓi takardar da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare. A New York sunanta Certificate of Disposition, kuma a cikin birnin dala 10 ake biya. Mun tsaya a layi, ya miƙa katin shaidarsa mai hoto ta taga, aka buga takardar aka danna mata hatimi. Ina tuna yadda ya riƙa shafa wurin hatimin da babban yatsa. Layi ɗaya a jikinta, cewa an kori ƙarar, shi ne duk abin da ake nema. Wanda shari'arsa ta ƙare da amsa laifi, ko da ƙarami ne, ya ga lauyan shige da fice kafin ya miƙa kowane fom.

Mutane da yawa kuma suna zaton akwai ofishi ɗaya da ke riƙe da komai. Babu shi. Rahoton kamun yana hannun 'yan sandan birni ko ofishin sharif na gundumar da abin ya faru. Sakamakon shari'a yana kotu. Kowace jiha tana da rumbunta, sannan FBI tana tara abin da jihohi suka aika mata. Za ka iya neman naka na FBI da zanen yatsu a kan dala 18, amma sau da yawa sai ka ga kamun a rubuce, gurbin sakamakon kuwa wayam, domin ba a aika ba. Mai karanta irin wannan takarda zai ɗauka shari'ar tana nan a buɗe. Shi ya sa ta FBI ba ta maye gurbin ta kotu.

Akwai masu ɓata makonni a PACER, shafin intanet na duba fayilolin shari'a. Na kotunan tarayya ne kawai, yawancin kamu kuwa a kotunan jiha yake ƙarewa. Haka dokar FOIA ta 1966, wato ta haƙƙin neman bayanan gwamnati, hukumomin tarayya ta shafa. Jihohi suna da nasu dokokin, kamar FOIL a New York.

Kada kuma ka auna wata jiha da wata. A Florida kowa na iya biyan dala 24 ga FDLE, hukumar tabbatar da doka ta jihar, ya bincika sunan wani. A Kalifoniya ma'aikatar shari'a naka kawai za ta ba ka, bayan ka yi zanen yatsu ta na'urar Live Scan ka biya dala 25, ban da kuɗin mai ɗaukar yatsun. A Teksas shafin jama'a na DPS, hukumar tsaron jama'a ta jihar, yana nuna waɗanda aka samu da laifi ne da waɗanda aka jingine musu hukunci, saboda haka rashin ganin sunanka a can ba ya nufin babu kamu a rumbu. Wanda ya yi zama a jihohi uku, sai ya nema a ukun.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bincike da suna, don mu ya fi cutarwa. Muhammad, Mohammed, Mohamed, Mamman. Ɗan Kano ya rubuta Abubakar Usman, ɗan Maraɗi mai suna ɗaya da shi fasfonsa na cewa Aboubacar Ousmane. Wani a fasfo sunan mahaifi ne a ƙarshe, a lasin tuƙi kuma an juya. Ga waɗanda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba aka sa musu 1 ga Janairu, su kuwa ba su ƙirguwa. To binciken kuwa da suna da ranar haihuwa yake dogara. Yana iya tsallake bayaninka don harafi ɗaya, ko ya liƙa maka laifin wani Ibrahim Musa da ba ka taɓa gani ba. A New York binciken suna na ofishin kula da kotuna dala 95 ne kan kowane suna, kuma sai sunan da ranar sun yi daidai. Idan naka kake nema, bi hanyar zanen yatsu, a New York ta DCJS, hukumar da ke riƙe da rumbun bayanan laifuka na jihar. Duk inda fom ya tambayi wasu sunayen da ka taɓa amfani da su, rubuta kowane irin rubutu da aka taɓa yi wa sunanka, har wanda jami'i ya yi kuskure.

Shafukan intanet masu cewa ka sa kati su kawo maka tarihin kowa cikin minti ɗaya, tsofaffin bayanai suke kwasa su tara, kuma ba kasafai suke komawa su ga an kori ƙara ba. Babu hukumar da za ta karɓi takardarsu. Na san wanda wani kamfanin tantance ma'aikata ya haɗa shi da mai suna irin nasa, aiki ya kuɓuce masa, shi kuma ya ce haka Allah ya ƙaddara ya yi shiru. Alhali dokar FCRA ta 1970, mai kula da rahoton irin waɗannan kamfanoni, ta ba shi haƙƙin ganin rahoton da ƙalubalantarsa, kamfanin kuma ya bincika cikin kwana 30. Dokar ta kuma hana kamfanonin ambaton kamun da bai kai ga hukunci ba idan ya wuce shekara 7, sai ga aikin da albashinsa ya kai dala 75,000 a shekara.

Idan ka ga kuskure a takardar FBI, gyaran yana farawa ne daga tushe, wato kotu ko hukumar da ta aika bayanin. Karɓi takardar kotu mai hatimi, ka haɗa da buƙatar gyara, ka ajiye kwafi. Masu jiran sabuwar dokar New York ta rufe tsofaffin laifuka, wadda ta fara aiki ranar 16 ga Nuwamba 2024, su sani an ba kotuna har shekara uku su kammala aikin, kuma rufewar ba ta ɗauke maka faɗa wa hukumar shige da fice.

Wanda zai kai takardar wata ƙasa, ya fara tambayar ofishin jakadancinta irin tabbatarwar da suke so. Ta FBI ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke tabbatar da ita, ta jiha kuwa ofishin sakataren jihar. In za ka je kotu, karɓi kwafi biyu ko uku masu hatimi a zuwa ɗaya, don wasu ofisoshin in sun karɓa ba sa mayarwa.