Kafin ka haƙa harsashi a bakin Madarunfa

Tunda masu hali na Maraɗi suka fara sha'awar gidan hutu a ƙauye, wani a bakin tafkin Madarunfa, wani a kan tudun da ke kallon gulbi ta wajen Jiratawa, aiki ya buɗe wa magina. Yaran da suke miƙo mana birki jiya, yau su ne ke karɓar kwangila. Allah ya ƙara buɗi. Amma ɓarnar da suke yi tsakaninsu da masu zanen gini iri ɗaya ce kullum, har bakina ya gaji da faɗa.

Babba a ciki shi ne karɓar zane ka hau haƙa ba ka tambayi inda ruwa yake tsayawa ba. Arshitek, wato mai zanen gini, ya zo a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙamas, tafki ya ja da baya, ya auna fili ya koma ofis. Zanensa ya yi kyau, babu ƙarya. To a watan Agusta fa? Tafkin nan yana faɗaɗa da damina, kuma gulbin Maraɗi yakan cika da ruwan da ya sauka can ƙasar Katsina ko da nan ba a ga ɗigo ba. Garin ma da muke ciki, ambaliyar 1945 ce ta tashe shi daga kwari aka dawo da shi kan tudu. Wanda bai san wannan ba, ai ya ga daminar 2024 da idonsa.

Ni ba na sa diga a ƙasa sai mun taka filin mu huɗu: maigida, mai zane, ni, da wani dattijon ƙauyen, in masunci ne ya fi. Shi zai nuna maka gindin itacen da ruwa ya taɓa kaiwa, ya ce maka shekarar kaza an shiga nan da jirgi. Daga wannan alama nake ɗaga daɓen gida aƙalla santimita 60. Wasu abokan sana'a na cewa na cika tsoro, ciko kuma kuɗi ne. Su ce. Sannan ina haƙa ramin gwaji, zurfin mita ɗaya da rabi ko biyu, in ɗauki hoto in tura wa mai zane. In baƙar laka ce, wadda ke kumbura da ruwa ta tsattsage da rani, harsashin da aka zana don jigawa ba zai riƙe ba, dole injiniya ya sake lissafi. A kan tudu kuwa matsalar daga sama take gangarowa. A yanka wa ruwa hanya ta bayan gida tun kafin a ɗora birkin farko, in ba haka ba shi zai yanka wa kansa, ta ƙarƙashin katangarka.

Na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: gyaran baki. Muna gina wa wani Alhaji gida, an tsayar da ginshiƙai ana shirin zuba dal, wato rufin siminti da ƙarfe. Na tafi gari neman siminti, sai ga shi ya zo da abokansa bayan sallar Juma'a. Ya dubi yaron da na bari a wurin ya ce, "Kai samari, wannan ginshiƙin ya tsaya mini a tsakiyar falo, a fid da shi." Yaro ya ce, "Ranka ya daɗe, a jira maigidana." Alhaji ya ce, "Kuɗinka ne ko nawa?" Kafin in dawo an sare ƙarafa. Da na kira mai zane ya ce abin da ya zana ke nan, wanda ya taɓa shi ya sani. Da maganar kuɗin gyara ta taso, Alhaji ya ce shi shawara kawai ya bayar. Fasawa, sabon ƙarfe, siminti, ladan ma'aikata, duk daga aljihuna suka fita, ribar aikin ta tafi har da ƙari.

Ku saurara da kyau, ku ƴan baya. Ginshiƙi ba ado ba ne, nauyin dal yake ɗauke da shi. Kunyar babban mutum ba za ta tallafi rufi ba. Tun daga ranar nan akwai littafi a kowane shantiye nawa, wato wurin da nake gini. Duk canjin da aka nema, ko na taga ne, a rubuta, maigida ya sa hannu, a ɗauki hoto a tura wa mai zane ta WhatsApp, kuma ba a taɓa komai sai ya amsa a rubuce tare da abin da canjin zai ci. In Alhaji ya yi fushi, ka ba shi haƙuri ka miƙa masa biro. Abin mamaki, da yawa in suka ga adadin kuɗin sai su ce a bar shi yadda yake.

Su ma masu zanen ba zan ƙyale su ba. Me ya kawo bangon gilashi yana fuskantar yamma a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40? Wai don a kalli tafki. A kalla ta baranda mai inuwa mana. Hadarinmu kuma daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan duka, shi ya kamata a ba rufi mai fitowa da shafe mai kauri. Kakanninmu da suka yi ta shafa makuba sun san haka. Kuma ba kowane gida ne sai da birkin siminti ba. Sabon masallacin da Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka zana a Dandaji, wanda aka gama a 2018, da birkin ƙasa matsattse aka yi shi. Magini na da ikon ya faɗa wa arshitek wannan, cikin ladabi, tun zane yana kan takarda.

Sauran ƙanana ne amma suna cizo. Yashin gulbi in ka damƙa ya bar maka laka a tafin hannu, kar ka kwaɓa beto da shi, wato haɗin siminti da yashi da tsakuwa. Beto a ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, kuma ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28, don haka kar ka yi gaggawar zare katakon dal don kana da wani aiki. Buhun siminti mai kilo 50 ba a matse shi ya haifi birki hamsin. Masai ya yi nesa da rijiya mita 30, kuma a bakin tafki ruwan ƙasa kusa yake, sai a tattauna irin ramin da mai zane. Gara na jiran duk katakon da ya taɓa ƙasa.

Kaya kuma, ƙarfe da tsakuwa da siminti, a kai su wurin kafin watan Yuni ya ƙare, simintin a ɗora shi kan katako cikin ɗaki. Da zarar ruwa ya zauna, babbar mota ba ta shiga hanyoyin fadama, sai dai amalanke, buhu goma goma.