Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen auna kusurwa, da yadda ake gyara su

Malamin lissafi a kolejojin Damagaram, ko a Birni yake koyarwa ko a Zangon, ya san wannan: a ba ɗan ajin 6e kusurwa mai digiri 50, ya ɗora rapotar, wato ma'aunin kusurwa, ya duba da kyau, ya rubuta 130. Yaron bai yi wasa ba. Rapotar na da layin lambobi biyu, ɗaya ya fara daga dama, ɗaya daga hagu, kuma a kowane wuri lambobin biyu in an haɗa su 180 suke bayarwa. Idonsa ya faɗa kan wanda ya fi kusa.

Faɗin "ku kula da sifili" sau goma ba ya maganin wannan. Abin da ke aiki shi ne a hana su taɓa rapotar sai sun yanke hukunci da ido. Kowa ya yago ƴar takarda, ya naɗe ta biyu, ya sake naɗewa a kan layin farko. Bakin da ya fito digiri 90 ne daidai. A ɗora shi kan kusurwar: in ta shige ƙarƙashin takardar, mai tsini ce, ba ta kai 90 ba, in ta leƙo waje, buɗaɗɗiya ce, tsakanin 90 da 180. Ya rubuta haka a gefen kayensa tukuna, sannan ya auna. Wanda da hannunsa ya rubuta "ƙasa da 90" da wuya ya kawo maka 130. Bayan haka sai a koya masa ya sa yatsa kan sifilin da ke kwance a kan gefen kusurwar, ya bi layin yana ƙirga 10, 20, 30 har ya iske ɗaya gefen.

Kuskure na biyu shi ne wajen ɗora rapotar. Da yawa daga cikin na roba da ake saye a kasuwa suna da ɗan rata tsakanin bakin robar da layin sifili. Yara kan daidaita bakin robar da layin da suka zana, alhali ɗigon tsakiya ne ya kamata ya hau kan mahaɗar kusurwa, layin sifili kuma ya hau kan gefe ɗaya. Ratar milimita 3 a ƙaramin rapotar kan jawo kuskuren kusan digiri 3 a kusurwa mai 30, amma a 90 ba ya nunawa ko kaɗan, shi ya sa malam kan daɗe bai gano ba. A fara darasi da duba kayan kowa. Wanda ƙura da gogayya a jaka suka cinye lambobinsa, a haɗa shi da maƙwabcinsa.

Idan gefen kusurwa gajere ne bai kai lambobi ba, kada a bar yaro yana ƙiyasi. Ya ɗauki regil ya ja layin ya kai santimita 6 ko 7, da fensir mai kaifi.

A nan ne wata matsala mai zurfi ke fitowa: za ka ji an ce, "Mushe, ai in na ƙara tsawo kusurwar za ta ƙaru." Wannan yaron tsawon layi yake aunawa a zuciyarsa, ba buɗewa ba. A zana masa digiri 30 da dogayen gefe a allo, a zana 60 da gajeru, a tambayi aji wacce ta fi girma. Hannuwan da za su tashi wa ta farko za su ba ka mamaki. Sai a kawo karan gero biyu, a ɗaure su a kai ɗaya, a buɗe, a riƙe mahaɗar da kyau, a karye rabin kowane kara a gabansu. Buɗewar tana nan yadda take.

Akwai laifin da ke wuyanmu mu malamai: kullum gefe ɗaya a kwance muke zana shi. Ranar da kusurwa mai 90 ta zo a karkace, sai yara su ƙi yarda da ita. A riƙa zana wasu a kife, wasu suna kallon hagu, a kuma ba su izinin juya kaye ko rapotar yadda ya yi musu.

Wajen suna, harafin tsakiya shi ne mahaɗa. A ABC, B ake aunawa. Abu ne ƙarami, amma yana bin yaro har jarrabawar BEPC yana cin makinsa.

Miƙaƙƙiyar kusurwa, mai 180, sukan ce layi ne kawai. Agogo na taimakawa: tsakanin kowace lamba da mai bi mata digiri 30 ne, don haka ƙarfe 3 ya ba da 90, ƙarfe 5 ya ba da 150, ƙarfe 6 ya ba da 180. A yi hattara da uku da rabi, 75 ce, domin ƙaramin hannu ya riga ya matsa. Wadda ta wuce 180 kuwa, a auna ƙaramar da ke bayanta a cire daga 360: in an sami 110, amsa 250.

Game da gyaran takarda, bambancin digiri 1 ko 2 ba abin jan bik ba ne. Yaron da ya auna kusurwoyi uku na alwatika ya tara 178 ko 182 maimakon 180 ya yi aiki, kaurin fensir ne ya shiga. Wanda ya sami 260 shi za a koma wa, domin kusan tabbas ya karanta 130 a wurin 50. Idan kuma an sa ɗan murabba'i a mahaɗar kusurwa, 90 ce ko da rapotar ya nuna 88. Alamar ake bi, ba a sake aunawa.