Yadda ake rage mutuwar ƙwayoyin tushe lokacin sauya musu faranti

Ƙwayoyin tushe na ɗan Adam, waɗanda ke iya rikiɗa su zama kowace irin tsoka a jiki, ba sa jure kaɗaici idan ana renonsu a faranti a ɗakin gwaji. Da zarar an raba su ɗaiɗai, mannuwar da furotin E-kadherin ke yi a tsakaninsu ta yanke, sai sinadarin ROCK ya tsananta aikin mayosin, furotin da ke sa ƙwaya ta motse. Ƙwayar ta yi ta kumburi tana motsewa har ta kunna shirin kashe kanta, wato afoftosis. A 2007 ne ayarin Yoshiki Sasai na cibiyar RIKEN da ke Kobe a Japan ya nuna cewa maganin Y-27632, mai toshe aikin ROCK, yana dakatar da wannan, inda ƙwayoyin da ke tsira suka tashi daga kusan kashi 1 cikin 100 zuwa wajen 27.

A sauya faranti idan ƙwayoyin sun rufe kashi 70 zuwa 80 na ƙasansa. Kafin nan a shafe sabon da Matrigel ko bitironektin, shimfiɗar furotin da ƙwayoyin ke mannewa a kai. A tsotse ruwan abincinsu, a wanke da ruwan gishiri na PBS marar kalsiyam da magniziyam, a zuba Accutase, sinadarin da ke raba ƙwayoyin ɗaiɗai, a bar shi kamar minti 5 a zafin digiri 37 na ma'aunin Salshiyas. Kada a wuce haka, kuma kada a yi ta zuƙa ana fesawa da ƙarfi, domin nan ne fatar ƙwaya ke yagewa. A juya su a santirifuj, na'urar da ke juyawa da sauri don ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, da ƙarfin juyi 200g na minti 4, sannan a sake gauraya su a ruwan abinci mai Y-27632 maikuromola 10.

Sai ƙirga. A haɗa ruwan ƙwayoyin da shuɗin tirifan na kashi 0.4 daidai wa daida, a duba cikin minti 3 zuwa 5. Matattu za su rine, masu rai su fito fes. In aka yi jinkiri rinin zai shiga masu rai ma. Sai dai ƙwayar da ta fara afoftosis fatarta ba ta huje ba tukuna, don haka tirifan ba ya kama ta. Wani gwaji daban, na furotin Annexin V, shi ke tona ta.

Bayan awa 24 da zuba su a sabon farantin a cire maganin Y-27632. Ƙwayoyin za su yi tsawo da ƙafafu muddin yana ciki, wannan ba illa ba ce.

Abin da ya fi damun masu wannan aiki shi ne wa ke tsira. Duk lokacin da yawancin ƙwayoyi suka mutu, waɗanda suka fi samun damar tsira su ne masu tawaya a ƙwayar gado ta TP53, ko masu ƙarin kwafin ƙwayar gado ta BCL2L1 a kuromosom na 20, wato waɗanda ba sa jin umarnin mutuwa. Sannu a hankali su mamaye farantin. Irin waɗannan ba su dace da gyaran tsoka a jikin majiyyaci ba, saboda haɗarin ciwon ƙari. Shi ya sa a sauyin yau da kullum gara a yi amfani da sinadarin EDTA milimola 0.5 a ɗebo su dunƙule-dunƙule maimakon raba su ɗaiɗai da Accutase, kuma a riƙa binciken kuromosom ɗinsu a kai a kai.