Yadda ake karanta tsohon gidan birni a Bath ta Ingila

Duk wanda ya je Bath sai ya ɗauki hoton Royal Crescent, jerin gidaje 30 da aka lanƙwasa kamar jinjirin wata, waɗanda John Wood ƙarami ya zana aka gina tsakanin 1767 da 1774. Yawancin masu ziyara daga hoton sai su wuce. In kana son ginin ya ba ka labarinsa, ga yadda za ka bi shi.

Tun kana masauki, buɗe shafin intanet na Historic England, hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi a Ingila, ka nemi adireshin a rajistar gine-ginen da doka ta kare. Matakan kariyar uku ne: I, II* da II. Royal Crescent yana mataki na I, wato na ƙoli. Ko taga mai gida zai sauya, sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, in ya yi gaban kansa kuwa kotu na jiransa.

Da ka isa, kada ka yi garajen shiga gida mai lamba 1, wanda yanzu gidan tarihi ne. Ja baya zuwa filin ciyawa tukuna, ka kalli ginshiƙai. Su 114 ne, kowanne kansa a naɗe kamar ƙahon rago. Dutsen kuma mai launin zuma daga tsaunukan kusa da garin aka faso shi, shi ya sa Bath duk ta zama launi ɗaya.

Sannan tagogi. A nan nake son ka daɗe. Bi su da ido daga ƙasa zuwa sama, za ka ga na hawa na farko sun fi tsawo, don a can falon karɓar manyan baƙi yake. Kana ƙara hawa suna ƙanƙancewa, har ka kai ƙananan ɗakunan da ke ƙarƙashin rufi, inda barori ke kwana. Matsayin mutum a gidan, girman tagarsa ne ke faɗa. A wasu unguwannin garin za ka ga taga an toshe ta da dutse. Nan take mutane ke cewa gudun harajin taga ne, wato harajin da ake biya bisa yawan tagogin gida, wanda aka karɓa daga 1696 zuwa 1851. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa magini ne ya yi ta a toshe tun farko don kada jeri ya karkace.

Yanzu matso kusa da shingen ƙarfe ka leƙa ƙasa. Akwai rami mai faɗi tsakanin gida da titi, da 'yar ƙofa a ciki. Ta nan haske ke shiga kicin da ke ƙarƙashin gidan, ta nan ma'aikata da masu kawo cefane da kwal ke bi, ba sa taka ƙofar maigida.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma ni shi na fi so: zagaya baya. Wood fuskar kawai ya zana. Kowane mai saye ya karɓi nasa yanki na gaban, ya ɗauko magininsa ya yi abin da ya ga dama a bayansa. Shi ya sa za ka tarar da rufi wani sama wani ƙasa, tagogi barkatai, bututun hayaƙi kowanne da nasa tsayi, kai ka ce ba gidajen da ka gani ɗazu ba ne.