Ƙaura daga Google da WhatsApp: inda mutanen Yamai suka fi tuntuɓe

Maganar cin gashin kai da ta cika bakin jama'a a Yamai ta iso har cikin wayoyinmu. A fada za ka ji matasa suna cewa sun gaji da ajiye hotunansu da wasiƙunsu a rumbun kamfanonin Amurka, kuma ina tare da su. Tun 2013 Edward Snowden ya tona yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke samun bayanan jama'a ta hannun manyan kamfanonin intanet, sannan dokar CLOUD Act ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar ikon neman bayanai daga kamfanoninsu ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin ƙaurar, domin wasu da asara suke ƙarewa.

Babban kuskure shi ne a fara da goge asusun Gmail, kamar mai rushe tsohon ɗaki da damina alhali bai yi wa sabon rufi ba. A yawancin wayoyin Tecno, Itel da Infinix da ke hannunmu, lambobin ƴan'uwa da abokan ciniki a cikin wannan asusun suke kwana. Da shi ka buɗe Facebook, da shi ka nemi gurbin karatu ko aiki, can kuma amsa za ta zo. Ka fara da kwaso kayanka ta Google Takeout, shafin da Google ke ba ka kwafin bayananka, ka fitar da lambobin waya cikin fayil guda, ka ajiye a wuri biyu. Bayan haka ka bi wuraren da ka ba adireshin ɗaya bayan ɗaya kana sauyawa, ka sa tsohon akwati ya riƙa tura wasiƙu zuwa sabon. Ka bar shi a raye ko da shekara guda ce.

A wajen manhajar hira ne aka fi ruɗewa. Mutum ya bar WhatsApp ya koma Telegram, yana ganin ya tsira. Alhali hirar yau da kullum a Telegram, da duk hirar rukuni, ba a kulle take daga waya zuwa waya ba. Sai ka buɗe hirar sirri da hannunka, ita ma tsakanin mutum biyu kawai. WhatsApp kuwa tun 2016 yake kulle saƙonni da fasahar Signal, wata manhajar hira. Aibinsa yana wani wuri: kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya san lambarka, da wa kake magana, da yaushe. In kuma ba ka kunna makullin ajiya ba, kwafin hirarka da ke zuwa Google Drive ba shi da wannan kariyar. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ɗora GBWhatsApp, jabun WhatsApp, da aboki ya tura masa ta Xender, wai don ya ɓoye cewa ya karanta saƙo. Ba ka san wanda ya ƙera ta ba, ka ba shi hotunanka da muryar iyalinka. Cire ta yau.

Signal ce mafita mafi sauƙi, gidauniya ce ke riƙe da ita, ba ta rayuwa da talla. Sai dai kada ka yi wa dangi shela cewa daga gobe ba za a same ka ba. Inna da ke Tawa, wadda da saƙon murya kaɗai take gaisawa da jikokinta, ba za ta biyo ka don ka yi mata wa'azin bayanai ba. Ka je ka ɗora mata, ka nuna mata maɓallin murya, ka fara da rukuni ƙarami na gida ko na aiki. Ciniki da sanarwar biki su ci gaba a inda jama'a suke.

Akwai kuma batun layi. Signal da lambar waya ake buɗe ta, kuma layin Airtel, Moov ko Zamani da aka daɗe ba a taɓa shi ba yana iya komawa hannun wani. Ka sa lambar sirri, ka kunna makullin rajista, kada kuma ka buɗe asusu da layin aro.

Masu barin Gmail su koma Proton Mail na Suwizalan ko Tuta na Jamus suna yin kuskure iri biyu. Na farko, suna zaton duk wasiƙar da suka aika a rufe take. In wanda ka rubuta wa yana Gmail, wasiƙar tana sauka a rumbun Google kamar kowace, sai fa in ka sa mata kalmar sirri. Na biyun ya fi ciwo. Kamfanin ba ya riƙe makullinka, don haka in ka manta kalmar sirri kuma ba ka adana kalmomin ceto ba, tsofaffin wasiƙunka sun rufe ke nan, ba mai buɗe maka. Rubuta su a takarda ka ajiye tare da takardar haihuwarka. Kuma a sani, su ma suna ƙarƙashin doka: a 2021 Proton ta miƙa adireshin intanet na wani ɗan fafutuka a Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan.

Manhajar VPN (mai ɓoye zirga-zirgarka a intanet) ta kyauta wadda ba ka san mai ita ba, ka guje ta, don duk zirga-zirgarka ta hannunsa za ta bi. GrapheneOS da ake ta yabo, wato tsarin Android da ba ya dogara da Google, a wayar Pixel kaɗai take aiki. Kada ka bari mai gyara ya lalata maka Tecno da sunan gwaji.

Ƙungiyoyi da ƙananan ma'aikatu su ma suna da nasu kuskuren. Ana jin labarin Nextcloud, manhajar da ke ba ka damar kafa rumbun bayanai naka, sai a sayi kwamfuta a ajiye a lungun ofis a ce bayanai sun dawo gida. Niyyar mai kyau ce, kuma ina so in ga ta yawaita. Amma zafin Afrilu da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ba sa tausayin inji. In babu batir ko hasken rana, babu kwafi na biyu a wani gini, babu wanda aka ɗora wa alhakin sabunta manhajar, to takardun mambobinku sun fi shiga haɗari fiye da da. Ku fara da abin da ba ya buƙatar wannan ɗawainiya: LibreOffice a madadin Word ɗin sata, Firefox wajen shiga intanet, Organic Maps da ke nuna hanya ko babu data, wadda taswirarta daga OpenStreetMap take, inda kai ma za ka iya saka layin unguwarku da ya ɓace. Duk mai tara sunaye da lambobin mutane kuma ya tuna Nijar na da dokar kare bayanan sirri tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta. Kafin ku kwashe rajistar mambobi zuwa sabon rumbu, a gida ko a waje, ku je ku tambaye ta abin da dokar ta ɗora muku.