Yadda Ake Shirya Walimar Karrama Waɗanda Suka Fara Kawo Digiri Gidansu

A Gombe yanzu da wuya ka shiga unguwa ba ka samu yaro ko yarinyar da ta fara kawo digiri gidansu ba. Jami'ar jihar a 2004 aka kafa ta, ta tarayya da ke Kashere kuma a 2011. Kafin nan sai mai hali ya tura ɗansa Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi, ko Maiduguri, ko Zariya. Shi ya sa ƙungiyoyin unguwa suke haɗa wa irin waɗannan yara walima, sai dai masu fara shiryawa kan tsaya kan rumfa da kujeru, alhali matsalar tana cikin jerin sunaye.

Ku fara da yanke abin da kuke nufi da “na farko a gidansu”, ku rubuta shi kafin a karɓi suna ko ɗaya. Gidanmu ba ɗaki ɗaya ba ne. Yarinya za ta iya zama ta farko a ɗakin mahaifiyarta, amma ɗan ubanta ya gama shekara biyar da suka wuce. In kuka kira ta ta farko a lasifika, kun tayar da ƙura tsakanin kishiyoyi. Ƙa'idar da ta fi sauƙi: uba bai yi ba, uwa ba ta yi ba, kuma babu wanda ya riga shi cikin 'ya'yan uban duka. 'Ya'yan baffa ba sa shiga lissafi ko da gida ɗaya ake. Ku yanke kuma ko mai babbar difloma (HND) da mai takardar malanta (NCE) suna ciki. Ni dai a wurina a sa su, amma a faɗi takardar kowa da sunanta.

Sai tantancewa, wadda ita ce ta fi kunyata masu shiri. Hoton ranar jarrabawar ƙarshe, da farar riga cike da rubutun abokai, ba shaida ba ce. Yaro bai gama ba sai majalisar jami'a ta amince da sakamakonsa. Kwas ɗaya da ya faɗi ya isa ya maido shi makaranta, kuma da yawa ba sa iya gaya wa iyaye. Ku nemi takardar sakamako mai hatimin makaranta, ko takardar kiran bautar ƙasa. Mutum ɗaya mai riƙe sirri ya duba, shi da ɗalibin kawai. Wanda bai cika ba a ce masa “sai baɗi in Allah ya kai mu”, ba tare da an kai maganar kwamiti ba. Kada kuma ku jira bikin yaye ɗalibai na jami'a, don wani lokaci haɗa shekaru ake yi.

A wannan zaman ku tambayi ɗalibin: wa ya ɗauki nauyinka? Sau da yawa ba uban ba ne. Inna ce mai ƙuli-ƙuli, ko yayan da ya bar makaranta ya kama acaba. Wannan mutumin za a kira ya miƙa kyautar, ba babban baƙo ba. In uwar ba ta fita cikin maza, a kai makirufo ɓangaren mata.

Ku ja kunnen mai gabatarwa. Kalmar “gidan da ba ilimi” ko “ya fitar da su daga duhu” kada ta fito. Uban da ke zaune a gaba yana iya zama alaramma da ya rubuta Alƙur'ani da ka. Boko ne bai taɓa shiga gidan ba sai yanzu, a faɗe shi haka.

Rana: kwana biyu ko uku bayan Sallah, lokacin kowa yana gida, daga la'asar a tashi kafin magariba. Ku kauce wa ranar kasuwar garin. Ɗalibai kada su wuce goma sha biyar, kowa da katin baƙi goma, wato kujera ɗari biyu in an haɗa da mai unguwa, liman da dattawa. Filin firamare ya wadatar, kuɗin hayar zaure asara ne. Rigar yaye ɗalibai guda biyu tela zai ɗinka, a riƙa musanyawa wurin hoto.

Kyauta kuwa, allon katako mai rubutun zinare ƙura yake sha a kan talabijin. Ku ba da jakar ajiye takardu mai zif, fararen riguna da takalmin sansanin bautar ƙasa, da kuɗin mota. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, takardar yafe bautar ƙasa za a ba shi, ba zai je sansani ba, sai a ba shi nasa a kuɗi.

Masa da miyan taushe da zoɓo sun isa, a ƙulla a leda tun da rana. Ɗan siyasa in ya zo a ba shi minti uku. A zaunar da ƙannen ɗaliban a tabarma a sahun gaba, liman ya rufe da addu'a.