Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Siyasar Bulaliyar Gwamnati a Majalisar Dattawan Birtaniya

Fara da sunan sarautar bulaliyar, wato mai tsawatarwa da ke kula da yadda 'yan jam'iyyarsa ke jefa ƙuri'a, domin da shi ake kiran mutum a zauren, kuma da shi Hansard, kundin muhawarar majalisa, yake rubuta jawabansa. Amma ka haɗa da lambar gadonsa. Thomas Galbraith shi ne Lord Strathclyde na 2. Ya gaji kakansa a 1985 yana ɗan shekara 25, saboda mahaifinsa ya riga kakan rasuwa a 1982. Wanda bai lura da lambar ba zai jingina wa jika maganganun kaka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sunayen muƙaman. Masu tsawatarwa na gwamnati a wannan majalisa suna riƙe da muƙaman fadar sarki ne a hukumance. Idan ka ga Lord-in-Waiting, yawanci ƙaramin mai tsawatarwa ne. Captain of the Yeomen of the Guard mataimakin babban mai tsawatarwa ne, shi kuwa babban ana kiransa Captain of the Gentlemen-at-Arms. Da wannan za ka karanta tarihin Strathclyde daidai: ƙaramin mai tsawatarwa a 1988, sai ƙaramin minista a ma'aikatu daban-daban, babban mai tsawatarwa daga 1994 zuwa 1997, jagoran majalisar daga 2010 zuwa 2013. Lord Denham ma ta matakalar masu tsawatarwa ya hau, har ya riƙe babbar kujerar daga 1979 zuwa 1991.

Kada ka auna aikinsa da na takwaransa na majalisar wakilai, wanda bisa al'ada ba ya jawabi a muhawara. Na dattawa yakan miƙe ya amsa tambayoyi a madadin ma'aikatu, ya kare ƙudurori. Don haka ka tsaya sosai kan amsoshinsa a Hansard; nan ake ganin ainihin ƙwarewarsa.

Sai ka duba 1999. Dokar wannan shekarar ta cire ɗaruruwan masu kujerar gado, ta bar 92: 75 da rukunonin jam'iyyu da na 'yan ba-ruwanmu suka zaɓa, 15 da majalisar baki ɗaya ta zaɓa, sai 2 masu muƙaman fada. Tabbatar ko mutuminka ya tsallake, domin wanda aka cire bai rasa sarautarsa ba, kujerar kawai ya rasa. Strathclyde da Denham duk sun tsallake.